Abba a Kan Ƙanƙara

Tun da na dawo daga China ban huta da tambaya ba. In na buɗe shago maƙwabta su leƙo, in na fito daga masallaci a tare ni a bakin ƙofa. Wani ya ce da gaske ne suna cin kare, wani ya ce yaya tsadar takalmi a can, wani kuma ya rage murya ya ce wai an ce ɗan Yaya Sunusi wasa yake yi a kan ƙanƙara, gaskiya ne ko zolaya. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi. Ga shi nan gaba ɗayansa yadda idona ya gani.

Ni dai ba saro ya kai ni ba. Sunana Nafi'u, takalma nake sayarwa a Kano, kuma duk abin da ke shagona yayana Sunusi ne yake turo min daga Guangzhou, inda ya yi fiye da shekara ashirin. A can ya auri 'yar ƙasar, Lin, ta musulunta, suka haifi ɗa guda. Sunan mahaifinmu aka sa masa, shi ya sa muke ce masa Abba. A gidanmu ba wanda ya taɓa ganinsa sai a waya.

Wata rana da hantsi abokin Yaya, Alhaji Isuhu mutumin Maradi, ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Nafi'u, sai haƙuri. Ɗan'uwanka ya hwaɗi cikin shago, munka kai shi asibiti. Ɓarin jikinshi guda ba ya motsi, magana kuma ta tahi."

Da na gaya wa Innarmu ba ta yi kuka ba. Ta murza carbinta, ta ce, "Ka je ka ɗauko min shi. In jinya ce a yi ta a gabana. Ka haɗo min da Abba, in shafa kansa kafin ƙasa ta rufe min ido."

Biza ta ɗauki lokaci kafin ta fito. Ranar tafiya Inna ta cika min jaka da kilishi da kuka da daddawa da yaji, ta ce na Sunusi ne, kada in taɓa. Ban taɓa hawa jirgi ba sai ranar. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Balaraba, 'yar Fagge, mai saro kayan yara a kasuwar Shahe da ke Guangzhou. Ita ta ɗaura min bel, ita ta ja ni a filin jirgin Addis Ababa da na nemi in bi wata ƙofa da ba tamu ba. Da ta ji abin da ke jakata ta ce, "Malam, kilishin nan ka cinye shi tun muna sama, in ba haka ba kare zai gaishe ka." Na ɗauka wasa take.

Muna sauka Guangzhou, muna jiran kaya, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gindin jakata kamar shi ya saye ta. Wata ma'aikaciyar kwastan mai farar safar hannu ta buɗe. Ta ɗaga ƙullin daddawa ta kai hanci, ta ja da baya da sauri. Na yi ta bayani da Turancina na sakandare cewa na marar lafiya ne, uwarsa ce ta aiko. Ta saurare ni har na gama, cikin ladabi, sannan ta jefa kilishin da daddawar a wani kwando. Kuka da yaji ta bar min. A wurin duba fasfo kuma na'ura ta ƙi karɓar yatsuna, sai da na goga su a riga na sake dangwalawa. Na kunna wayata in kira Isuhu, na tarar duk manhajojin da muke hira da su a gida can a toshe suke. Da wayar Hajiya Balaraba na same shi.

Isuhu dogo ne siriri, yaren China a bakinsa kamar ruwa. Muna fita waje zafi ya rufe ni, ba irin namu ba, mai danshi, kamar ka shiga banɗaki bayan wani ya yi wanka da ruwan zafi. Muka shiga jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin gari. Taragon cike yake, mutane a tsaye, amma kujerar da ke gefena ta tsaya babu kowa har muka sauka. Na kalli Isuhu. Ya ce, "Bon, za ka saba."

A unguwar Sanyuanli muka nemi masauki. Otal na farko, matar da ke kanta ta kalle ni ta kaɗa hannu, "Meyo, meyo." Na biyu ma haka. Isuhu ya ce meyo shi ne babu, kuma ita ce kalmar da kowane baƙo yake fara koya. Daga ƙarshe muka sami ɗaki a saman wani bene, tagarsa tana kallon bangon da in na miƙa hannu zan taɓa shi. Babu buta, sai da Isuhu ya yanka min gorar ruwa. Na nemi ruwan sha don ƙishi, aka kawo min mai zafi a kofi, wai sanyi yana ɓata ciki. Abincin farko a shagon wasu Musulmin China muka ci shi, masu fararen huluna, suna jan taliya da hannu a gabanka. Aka ba ni tsinke biyu in ci da su. Loma ta farko a kan kaftanina ta ƙare. Mai shagon bai yi dariya ba, ya je ya kawo min cokalin yara.

Washegari muka je asibiti. Tsabta kam ba a magana, amma shirun wurin ya dame ni. A gida in mutum ya kwanta har korar 'yan dubiya ake yi: tabarmi a baranda, kuloli a ƙarƙashin gado, wannan ya kawo lemo, wancan ya kawo addu'a. A can kowane gado mutum ɗaya ne a gefensa, wani ma babu kowa.

Ban gane Yaya ba da farko. Mutumin da in ya yi dariya a gidanmu ake ji a lungu, ya koma kamar an tsotse shi. Ɓarin damansa ya shanye, baki ya karkace. Ya gan ni, idonsa ya kawo ruwa, ya yi ta ƙoƙari, "Na... Na..." bai iya ƙarasa sunana ba. Lin tana gefensa da ƙaramin tawul, gajeriyar mace, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalinta. Ta ce da 'yar Hausarta, "Baffa, sannu da zuwa. Yaya ba magana. Yaya ci kaɗan-kaɗan." Ita take masa wanka, ita take juya shi, a kan wata 'yar kujera take kwana tun ranar da ya faɗi.

Muna nan sai ƙofa ta yi duhu. Wani ƙaton saurayi ya shigo, kafaɗunsa sun kusa cike ƙofar. Idon uwarsa ne, amma goshin nan na mahaifinmu ne sak, har gabana ya faɗi. Ya durƙusa a gabana yadda aka koya masa, ya ce, "Sannu, Baffa." Da ya buɗe baki na ga haƙoransa na gaba biyu babu. Iyakar Hausarsa ke nan, sai "na gode". Da Turanci muka riƙa lallaɓawa. Ya je ya ɗaga ubansa cak kamar jariri don uwarsa ta canza zanen gado. Yana kwantar da shi, Yaya ya juya fuska bango.

A waje Isuhu ya warware min. Ya ce, "Sun daɗe ba su shiri. Sunusi ya so yaron ga ya riƙe shago, shi ya ce wasa zai yi. Ko sau guda uban bai taɓa zuwa kallonshi ba."

Na je na ga shagon Yaya a titin Zhanxi Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa. Bene a kan bene duk takalma ne, ba abin da kake ji sai ƙarar salatif ana ɗaure kwalaye masu tafiya Legas da Kwatano. Maƙwabtansa 'yan China suka yi ta leƙowa suna tambaya, "Lawban? Lawban?" wato mai gida, yaya jikinsa. Wata tsohuwa mai shagon silifa ta danƙa min ledar tuffa in kai masa. Daga nan Isuhu ya kai ni gidan wata Hajiya Memuna, 'yar Zangon Kumasi, da take tuƙa tuwo a ɗakinta tana sayar wa 'yan kasuwa. Na ba ta kukar Inna ta kaɗa miya. Da na kai wa Yaya, Lin ta ɗiga masa a baki da cokali. Rabi ya shiga, rabi ya biyo gefen bakinsa. Ya rufe ido, hawaye ya bi miyar. Sai na fita baranda.

A shagon masu taliyar nan Abba ya ba ni labarinsa. Ba a Guangzhou ya tashi ba. Da ya isa shiga makaranta an tura shi wurin kakanninsa na uwa, can arewacin ƙasar inda kogi yake daskarewa har mota ta bi ta kai, don a can aka yi masa rajista. Da sanyi ana kwarara ruwa a filin makaranta ya zama ƙanƙara, yara su sa takalma masu wuƙa a ƙasa su riƙa sulu a kai da sanduna masu lanƙwasa. Ƙwallon gora ke nan na ƙanƙara, su hoki suke ce masa. Ya ce shi kaɗai ne baƙi a duk garin. In ya bi titi a nuna shi da yatsa, amma in ya sa hular kwano ya shiga fili ba mai ganin fuskarsa sai an tashi.

"Da a gaba nake, ina cin ƙwallo," in ji shi. "Da na yi girma koci ya ce jikin nan ba na gaba ba ne, koma baya."

Na ce, "To mene ne aikin ɗan baya?"

"In hana mutum wucewa. In ya harba, in tare."

"Da me?"

Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ƙafafunsa, ya nuna giɓin bakinsa.

Bara wata ƙungiya ta masu wasa don albashi ta ɗauke shi. Ya ce ranar da ya sa hannu a takardar ɗaukar ya kira ubansa, uban ya ce yana da kwastoma, ya kashe waya. Shekarar farko yawancinta a benci ya yi ta, wani lokaci ma ba a sa shi cikin masu sa riga, sai ya hau sama ya zauna da 'yan kallo. In an sa shi, 'yan mintoci ne, gefen wani tsohon ɗan wasa Bature da yake zaginsa a fili yana koya masa a ɗakin canza kaya. Yanzu ƙungiyar ta sauko kudu yin wasannin share fage kafin kakar wasa ta fara, a wani fili a bayan garin Guangzhou. Za a rage 'yan baya, kuma su biyu ne a kan gurbi ɗaya, shi da wani da ya fi shi ƙuruciya. Da safe yana atisaye, da yamma yana asibiti.

Na isar masa da saƙon Inna. Ya juya tsinkensa a kwano. Fasfonsa na China ne, in zai je ganin kakarsa sai ya nemi biza kamar kowane baƙo. Ya ce, "In kakar wasa ta ƙare, Baffa." Sannan ya ce, "Ranar Asabar muna da wasa. Za ka zo? Ba wanda ya taɓa zuwa min daga wajen Baba."

Na je. Ba wanda ya gargaɗe ni, na tafi da kaftani mai shara-shara da takalmi sau-ciki babu safa, don a waje gumi ake yi. Ina shiga sanyi ya mare ni. Kafin a fara haƙorana suna kaɗawa. Wani dattijo mai gadi ya dube ni ya girgiza kai, ya je ya ɗauko wata tsohuwar rigar sanyi mai warin taba ya yafa min. Na ce masa "shiye-shiye", ita ce na gode ɗinsu.

Filin fari fat, an kewaye shi da katako da gilashi. 'Yan kallo ba su da yawa. Da 'yan wasan suka fito ban gane Abba ba sai da lambar bayansa, kowa ya kumbura da sulke. Ban taɓa ganin ɗan Adam yana gudu haka ba tare da mota ba. Ƙwallon kuwa ba ƙwallo ba ce, wani ɗan baƙin faifai ne kamar wainar da ta ƙone. An ba ni ɗaya na riƙe daga baya, tauri kamar dutse. In an harba ta ba ka ganinta, sai dai ka ji ta daki katako, tau!

Ban san dokar ba, amma na gane aikin ɗan yayana. Da baya-baya yake tafiya, idonsa a kan mai zuwa. Wani ya taho da gudu ta gefe, Abba ya haɗa shi da katakon da ke gabana, gilashin ya girgiza har na miƙe ina salati. Na ɗauka alƙalin wasa zai kore shi, sai na ga mutane suna tafi. A gida in ka yi wa mutum haka sai an je wurin mai unguwa. In wani ya yi laifi kuma, wani ɗan keji ake kai shi ya zauna shi kaɗai kamar ɗalibin da ya makara, can a sake shi.

A zagaye na ƙarshe aka kai ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarsu keji, suka zama ba su cika ba. Abokan karawa suka kewaye su. Wani ƙato ya ɗaga sanda har sama zai harba. Kowane mai hankali kaucewa zai yi. Abba ya zube a gabansa. Ƙarar da na ji ba irin ta katako ba ce. Ya yi ƙoƙarin tashi ya koma, ya sake yunƙurawa ya tashi da ƙafa ɗaya, ya ci gaba da tare hanya da sandarsa har aka fitar da ƙwallon. Da ya koma benci abokansa suka riƙa buga sanduna a katako. Kocin ko kallonsa bai yi ba.

Bayan an tashi na jira shi a wani lungu bayan ɗakin canza kaya. Shi ya fito ƙarshe, yana takawa daidai har sai da motar ƙungiyar ta tafi. Sannan ya zauna a kan dakali ya cire takalmi. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi-baƙi, kamar an hura ta.

Na ce, "Abba, wannan karaya ce. A gida da yanzu muna wurin mai ɗori. Tashi mu je asibiti."

"Bayan wasan jibi."

"Da wannan ƙafar? Ka gaya wa kocinku."

Ya dube ni da idon nan na uwarsa. "Baffa, in na zauna, ɗayan zai shiga. In ya shiga ya yi kyau, ba wanda zai sake tuna ni. Ba ni da wani abu sai wannan. A shago ban san komai ba. A Kano ban san kowa ba."

 Da na koma asibiti na ja Lin baranda na gaya mata. Ta jingina da bango ta rufe ido. Ta ce, "Na sani. Na ga tafiya nashi. Tun yana ƙarami haka. Kamar Yaya. Ba ji."

Wasa na biyu na zo da safa da rigar Isuhu. An yi wa ƙafar allurar kashe zafi, an naɗe ta, an tura ta cikin takalmi. Da farko ba ka gane komai. Amma da wasa ya yi nisa na ga in zai juya ta hagu sai ya ɗan yi jinkiri. Abokan karawar ma sun gani. Wani ɗan siriri ya taho masa ta hagun, ya yi kamar zai bi dama, ya wuce shi kamar an dasa shi, ya zura ƙwallo. Ba a jima ba suka sake biyo masa ta nan. Wannan karon ya jefa jikinsa gaba ɗaya don ya cim ma mutumin, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya tafi da sulu ya daki katako da ita. Bai tashi ba. Filin ya yi tsit, har ina jin numfashinsa daga inda nake. Mutum biyu suka kama shi suka fitar, ƙafar tana reto. Kafin su kai ƙofa an tura ɗayan yaron ciki, an ci gaba da wasa.

A asibitin da ubansa yake aka kai shi, hawa biyu a ƙasa. Ƙashin da ya tsage ya rabu, sai da aka sa ƙarfe. Na zama mai hawa da sauka tsakanin gado biyu, Lin kuma ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa. Ba mu gaya wa Yaya ba da farko, amma kullum da yamma sai ya kafa wa ƙofa ido. Ran nan Lin ta sunkuya ta faɗa masa da yarensu. Bai yi motsi ba. Abincin ranar dai bai ci ba.

Wani jami'in ƙungiyar ya zo duba Abba da kwandon 'ya'yan itace. Ya yi magana mai tsawo a tsaye, yana murmushi, ya tafi. Na ce me ya ce. Abba yana kallon silin ya ce, "Sun gode min. Za su kula da maganin ƙafar. Sun ɗauki ɗayan." Tsohon Baturen nan ma ya zo, shi ya zauna, ya daɗe. Ya ce ya yi magana da wata ƙaramar ƙungiya a can arewa, in ƙafar ta warke ya je a gwada shi, ba alkawari.

A cikin kwanakin likitoci suka ce abin da za su iya yi wa Yaya sun yi, saura jinya, kuma zai iya hawa jirgi. Lin ta riƙe hannunsa na hagu ta ce, "Gida? Kano?" Ya matse hannunta har yatsunta suka yi fari. Ta ce za ta biyo mu, Isuhu zai kula da shago.

Na sauka wurin Abba na zauna a bakin gadonsa. Na ce, "To yanzu ba abin da ya riƙe ka. Mu tafi tare. Kakarka ta gan ka, ka yi jinya a cikin danginka, akwai masu kama ka ta ko'ina."

Ya ce, "Akwai ƙanƙara a Kano?"

"Akwai ta sanyaya lemo."

Ya yi 'yar dariya, ita ce ta farko da na ji daga bakinsa, ba ta kuma daɗe ba. "In na tafi ba zan dawo ba, Baffa, na san kaina. Zan zauna a shagonka ina ba mutane labarin na taɓa yin wasa. Bari in gwada sau ɗaya tukuna. Ka ce wa Kaka ta yafe min."

Na yi masa faɗa, na lallashe shi, na ce ubansa ba lallai ya daɗe ba. Ya ce ya sani. Ya juya fuska bango, sai na ga Yaya sak.

Ranar tafiya ya biyo mu filin jirgi da sandunan guragu, ƙafa a cikin filasta. Da aka zo fitar da Yaya daga mota, ni da Isuhu muka kama muka kasa daidaita shi. Abba ya jingina sandunansa da mota, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya rungumo ubansa ya ɗora shi a keken marasa lafiya. Gumi ya keto masa. Ya durƙusa yana gyara masa ƙafar da ta shanye a kan matakin keken, sai Yaya ya miƙa hannun hagu ya damƙi wuyan rigarsa. Bakinsa ya yi ta rawa. Can magana ta fito, a karkace, da ƙyar, amma jimla ce cikakkiya, ta farko tun faɗuwarsa. Da yaren China ya yi ta. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Abba ya kifa goshinsa a gwiwar ubansa, kafaɗun nan suna girgiza. Ma'aikacin jirgi ya zo ya tura keken. Da na waiwaya daga wurin duba fasfo yana nan a tsaye a kan sandunansa, ya fi kowa tsawo a wurin.

Mun iso Kano lafiya. Inna ta shafa fuskar ɗanta, ta tambayi jikanta, na gaya mata gaskiya. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Yaya bai sake yin wata magana ba. Bayan ƙaramar Sallah ya rasu, a ɗakin Inna, da rana tsaka. Ni na kira Abba. Yana can arewacin China, ƙaramar ƙungiyar ta karɓe shi na gwaji, ƙafar tana kumbura duk ranar da ya yi wasa, ba wanda ya san ko za ta riƙe shi. A wayar ina jin ƙarar sanduna a bayansa. Sannan ya ce in koya masa abin da ake cewa, na faɗa masa innalillahi a hankali, yana bina kalma-kalma.

Lin a gidanmu ta yi takaba. Ranar da za ta koma na kai ta filin jirgi, muna zaune muna jira, na tambaye ta abin da Yaya ya ce wa yaron ranar nan. 

Ta ce, "Ya ce, can arewa akwai sanyi. Ka sa riga mai kauri."